Tsuwwa a Rediyon Tela

A layinsu ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Baba Kunne ake ce masa, kuma ba ya jin haushi, don ya san da kunnen yake cin abinci. Shekara talatin da takwas yana gyaran rediyo da rakoda da sifika. Goma sha biyar na farko a ɗakin gaban gidansa ya yi su, sauran kuma a wani ɗan shago mai taga ɗaya, tsakanin shagon tela da na mai sayar da fenti. In aka kawo masa rediyo ba ya fara buɗewa. Sai ya kunna, ya karkata kai, ya lumshe ido, can ya ce, "Waya ce ta saki a baya," ko kuma, "Ƙura ce ta shiga makunnin murya." A buɗe kuwa a tarar haka ne. Gajeren mutum ne mai furfura, yatsunsa duk tabon dalma, kuma magana ba ta dame shi ba.

Abin da ya tsana a duniya shi ne ƙarar da ke maƙalewa a jikin murya. Ƙarar mota ko ta injin ba ta dame shi ba, wannan ta titi ce. Amma shuu ɗin tsohon kaset, ko ƙugin sifika, ko wata 'yar tsuwwa da ke leƙowa tsakanin kalma da kalma, to wannan kam ba su ga maciji. Ya ɗauki kansa mai shara, aikinsa ya share duk abin da ba murya ba, ya bar murya ita kaɗai tas.

Yana da wata ɗabi'a da bai taɓa saɓawa ba. Duk rakodar da ya gyara, kafin ya miƙa wa mai ita, sai ya saka kaset ɗinsa na gwaji, ya danna jan maɓalli, ya ce, "Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu, uku," ya faɗi irin rakodar da ranar, ya kashe. Sai ya mayar baya ya saurara. In muryarsa ta fito ba datti, aiki ya yi, sai ya tura kaset ɗin gaba kaɗan ya bar tazara, don kada gwajin gobe ya hau kan na yau. In kuwa wani abu ya shiga, sai ya mayar baya ya sake ɗauka a kan na farkon, ya shafe shi.

Lokacin da yake aiki a gida, wannan gwajin ya sha haɗa shi da iyalinsa. "A yi shiru, ina gwaji," ita ce maganar da 'ya'yansa suka fi sani a bakinsa, har suna kwaikwayonsa in ya ba da baya. Matarsa kuwa, Allah ya jiƙanta, mace ce da ba ta iya aiki baki a rufe. In tana wanke-wanke tana 'yar waƙa, in tana shara tana mita da tsintsiya, in ba kowa a kusa sai ta kama hira da kyanwa. Injiniya take ce masa, rabi girmamawa rabi tsiya. Ta ɓata masa gwaji ya fi sau ɗari, shi kuma sau ɗari ya mayar baya ya shafe.

Shekara huɗu da rasuwarta, wata rana autarsu, wadda ke aikin jinya a wani asibiti, ta biyo shagon bayan ta tashi daga aiki. Ta zauna kan benci tana wasa da wani tsohon batir, sannan ta ce, "Baba, ni fa na fara manta muryar Mama. Fuskarta tana nan, ga hotuna. Amma muryar in na nema sai ta ɓace. Ba ka da wani kaset da ta yi magana a ciki?"

"Babu," in ji shi.

"Ko ɗaya? Kai da ka ɗauki muryar rabin garin nan?"

"Ba ta taɓa cewa in ɗauke ta ba."

Auta ta ajiye batir ɗin, ta ce ba komai, ta yi masa sallama. Abin da bai gaya mata ba, kuma bai gaya wa kowa ba, shi ne shi ma haka yake. Mutumin da zai iya tuna kukan rediyon da ya gyara shekara ashirin da suka wuce, ya wayi gari ba ya iya tuna muryar matar da ya zauna da ita shekara talatin da ɗaya. Abin yana cin sa ƙwarai, kuma kunya ce ta hana shi faɗa. A satin ne ma ya tattara tarkacen bayan shago, har da kwalin kaset-kaset na gwaji guda arba'in da wani abu, ya ce wa mai sayen tarkace ya zo da kurarsa ranar Asabar ya kwashe. A ganinsa ba komai a cikinsu sai wani tsoho yana ƙirga ɗaya, biyu, uku.

To ana nan, sai Tela ya sayo wani faifai. Tela dogon mutum ne mai surutu, shekara ashirin da uku suna maƙwabtaka da Baba Kunne, kuma ba ranar da ba su taɓa juna da tsiya ba. Faifan na wata mawaƙiya ce da ke tsara waƙoƙinta da kanta, ta kaɗa jita da kanta, ba ganga, ba 'yan amshi, ba komai sai ita da jitar. Tela ya kamu da shi kamar me. Daga safe har yamma faifan ne ke juyawa a rediyonsa, yana taka keke yana gyaɗa kai.

Bangon da ya raba shagunan ba shi da kauri. Ranar farko Baba Kunne ya ji wata 'yar tsuwwa, siririya, tsiii, tana fitowa tsakanin sautin jita. Ya daure. Rana ta biyu ya ƙirga ta sau goma sha ɗaya a waƙa ɗaya, ga kuma wani huci-huci kafin kowane baiti. Rana ta uku ya ajiye ƙarfen dalma, ya leƙa shagon Tela.

"Rediyonka ba shi da lafiya."

"Lafiyarsa lau. Kai ne dai ba ka da aikin yi."

"Kawo shi nan."

Sau uku ya buɗe rediyon bawan Allah nan. Ya goge idon da ke karanta faifai, tsuwwa na nan. Ya sake wayoyi, tana nan. Ya cire sifika mai kyau garau ya sa wata, tsuwwa ta ce ina nan daram. Tela yana tsaye a bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya, yana cewa, "Likita, a dai bar mini majinyacin da rai." Daga ƙarshe Baba Kunne ya sa faifan a na'urarsa ta shago, wadda ya yarda da ita fiye da yadda ya yarda da mutane, ya ji tsuwwa a daidai wuraren da take. Sai ya yanke hukunci.

"An cuce ka. Faifan ne ya lalace tun wurin ɗauka. Wanda ya yi mata aikin nan bai san hannunsa ba."

Tela ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To ai ta kwana gidan sauƙi. Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu za ta yi wasa a ɗakin taron makarantar can ta bayan tasha. Ina da tikiti biyu, matata ta ce ita ba ta zuwa kallon mace ɗaya zaune kan kujera. Zo mu je ka gaya mata da bakinka."

Da wasa Tela ya faɗa, amma Baba Kunne bai san wasa ba in an zo maganar sauti. Ranar Alhamis ya rufe shago, ya sa rigarsa ta fita, ya jefa faifan a aljihu a matsayin shaida.

Ɗakin taron bai cika ba, mutum ɗari da ɗoriya ne kan kujerun roba. Suka samu layi na biyu daga gefe. Kafin a fara, Baba Kunne ya gama ƙare wa sifikoki da wayoyi kallo, ya kuma yarda a ransa cewa wanda ya haɗa su ya san aiki. Sai mawaƙiyar ta fito. Ta girmi yadda ya zata, mace ce mai kimanin shekara hamsin, da tabarau, ba wani ado. Ta zauna, ta ɗora jitar a cinya, ta roƙi a kashe fankar da ke saman kanta. Wannan ya burge shi. Ta ɗan murɗa kunnuwan jitar tana saurare, kanta a karkace, ido a lumshe, har Tela ya zungure shi ya ce, "Ga 'yar'uwarka."

Ta fara kaɗawa. Ba a yi nisa ba sai ga ta, tsiii.

Baba Kunne ya waiga ya harari sifikar dama. Tsiii. Ya harari ta hagu. Ya bi waya da ido tun daga bango har gindin makirufo, bai ga abin zargi ba. A karo na huɗu idonsa ya sauka kan hannunta na hagu, daidai lokacin da yatsunta suka zame daga saman wuyan jitar zuwa ƙasa ba tare da sun bar tsirkiya ba. Tsuwwar ta fito daga nan, daga fatar yatsa da ƙarfen tsirkiya. Ya jira ya tabbatar. Hannun ya sake zamewa, ta sake fitowa. Hucin nan kuma da ya sa ya cire sifikar mutane, ashe numfashinta ne, ga kafaɗunta nan suna ɗagawa kafin kowane baiti.

Gumi ya keto masa duk da ba zafi ake ba. Shekara talatin da takwas yana gyaran akwatunan da kiɗa ke fitowa daga cikinsu, bai taɓa zama kusa da mai kiɗa ya ga hannunsa ba. Kunya ta rufe shi, ya ƙi kallon wajen Tela. Shi kuwa Tela, idonsa na kan mawaƙiyar.

Da kunyar ta ɗan lafa sai ya fara jin waƙar kanta, abin da bai yi ba duk kwanakin nan da yake farautar tsuwwa. Waƙa ce a kan tashi daga gidan haya. An kwashe kaya duka, an share ɗaki, ba abin da ya rage sai ƙusoshi a bango, kuma mai waƙar tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana faɗin abin da ke rataye a kowace: nan madubi, nan jakar makarantar yaro, nan hular wani da ba ta faɗi ko wane ne ba. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin motsin kujerarta in ta gyara zama.

Bayan an tashi, mutane suka yi layi suna gaishe ta. Tela ya ce, "To Likita, ga ta nan. Fito da shaidarka." Baba Kunne bai fito da komai ba, amma ya shiga layin. Da ya iso gabanta ya gaishe ta, sannan ya ce, "Hajiya, tambaya gare ni. Wannan tsuwwar da hannunki ke yi, ba ki iya hana ta ne?"

Ta dube shi ta saman tabarau, ta yi murmushi. "Ina iyawa, Baba. In na ɗaga yatsuna daga tsirkiya ba za ta fito ba. Amma in na ɗaga, sautin sai ya yanke kafin in kai inda za ni. Gara ta yi kukanta."

Ta buɗe masa tafin hannunta ya ga kan yatsun, sun yi kanta, kowanne da ɗan layi a tsakiya. Bai san lokacin da ya dubi nasa masu tabon dalma ba. Ya yi godiya ya wuce.

Washegari da safe bai buɗe ƙofar shago duka ba. Ya ce wa Tela ya ara masa faifan na yini ɗaya, Tela ya ce, "Ai tun jiya yana aljihunka, ɓarawo." Ya sa shi a na'urarsa, ya zauna kan benci, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Wannan karon bai ɗauki sukundireba ba.

Faifai ɗaya ne, kunne ɗaya ne, amma abin da ya ji daban. Duk inda tsuwwar ta fito sai ya ga hannun yana sauka. Daga jin numfashinta ya fara gane baitin da zai yi tsawo da wanda zai yi mata nauyi. Kunnen nan da ya saba neman laifi sai ya shiga karanta masa ɗakin da aka yi ɗaukar: ƙaramin ɗaki ne, akwai labule mai kauri, kujerar katako ce kuma ƙafarta ɗaya ba ta zauna daidai ba. A waƙa ta shida akwai wani ƙwas da ya rantse wa Tela cewa ƙarzuwar faifai ce. Yanzu da ya saurara da kyau, ƙofa ce aka rufe can cikin gida, kuma nan take muryar mawaƙiyar ta canza kaɗan a tsakiyar kalma, irin canjin da murya ke yi in mutum ya yi murmushi. Wani nata ne ya shigo gidan tana cikin ɗauka, ta ji shi, ta ci gaba, kuma ta bar shi a faifan.

Ya mayar da wurin sau biyar. A na biyar ɗin ne zuciyarsa ta buga, ya juya ya dubi kwalin da ke jiran mai tarkace.

Ya san aikinsa, don haka lissafin bai ɗauke shi lokaci ba. Duk gwajin da aka ɓata masa ya fi mai kyau tsawo, domin ba ya kashe rakoda nan take, sai ya tsaya ya yi faɗa tukuna. In ya mayar baya ya sake ɗauka, sabon gajere ne, ba ya rufe tsohon duka. Ke nan wutsiyar tsohon tana nan a cikin tazarar da yake tsallakewa. Shi kuwa bai taɓa sauraron tazara ba, da ya ji ranar da irin rakodar sai ya kashe.

Ya jawo kwalin, ya ware na shekarun da yake aiki a gida, guda goma sha tara. Ya goge kan rakodarsa da auduga, ya sa na farko. Muryarsa ta ƙuruciya ta ce gwaji, gwaji. Ya bar kaset ɗin ya wuce. Shuu kawai. Gwaji na gaba, shuu. Haka ya yini, har Tela ya leƙo sau biyu ya ga fuskarsa ya koma bai yi tsiya ba. A kaset na huɗu ya samu faɗuwar cokali. A na bakwai kukan jariri, wanda in ya bi ranar da ya faɗa a gwajin, Auta ce tana wata biyar. A na tara ya ji takun silifa ya wuce ta bakin ƙofa, mai jan ƙafar hagu kaɗan, ya gane takun matarsa sarai, amma ba ta yi magana ba. Ya kifa kai a kan teburin ya daɗe.

Ranar Asabar da hantsi mai tarkace ya zo da kurarsa. Baba Kunne ya ba shi matattun sifikoki da ƙarafa, ya ce kwalin kam ya fasa sayarwa. Ya koma ya ci gaba. A kaset na goma sha huɗu, gefe na biyu, bayan gwajin wata rakoda ja da har ya manta mai ita, shuu ɗin ya buɗe, sai ga ƙarar ruwa a bokiti, da wata 'yar waƙa ba kalmomi, ana yin ta da hanci. Waƙar ta matso kusa. Sannan murya ta ce, "Injiniya, ruwan wankanka fa zai huce."

Sai tasa muryar, da ƙarfi, kusa da makirufo: "Haba, sau nawa zan faɗa? Ki yi shiru mana, ina gwaji."

Ta yi dariya, irin dariyarta mai fita ta hanci, ta ce, "To, na yi shiru." Sai ƙas.

Daƙiƙa goma sha shida ne duka. Ya zauna ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka kai ta makwancinta, don murna da baƙin ciki sun haɗe masa wuri ɗaya, kuma ya ji haushin mutumin nan mai tsawa a cikin kaset kamar ya shaƙe shi.

Da ya natsu ya haɗa waya ya juye sautin a kwamfuta. A nan ne hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Cire shuu ɗin aikin minti biyu ne. Yanke tsawarsa kuwa ya fi sauƙi, ya datse nan ya datse can, Auta ta samu uwarta tas, ba tare da ta ji yadda ubanta yake yi mata magana ba. Har ya sa alama a farkon tsawar da ƙarshenta. Ya gwada saurara a haka, sai ya ji mace ta yi maganar ruwan wanka, sannan ta fashe da dariya ba dalili, ta ce ta yi shiru ba wanda ya ce ta yi. Ba ita ba ce. Ya goge alamomin, ya bar komai yadda yake.

Da yamma Auta ta biyo daga aiki, da kayan asibiti a jikinta. Bai yi mata bayani ba, ya ce ta zauna, ya kunna. Ta saurara hannunta a kan baki. Ta ce ya sake. Ya sake har sau uku.

"Baba, ba ka gyara shi ba," in ji ta, tana share ido.

"Ban gyara ba."

"Har da faɗanka."

"Har da shi. Haka nake yi mata, ai kin sani. Kuma shi take yi wa dariya."

Auta ta ce, "Waƙar nan da take yi, na san ta. Ita take yi in tana yi mini kitso. Tsaya ka ji, akwai sauranta." Ta fara yi da hanci, tana tsayawa tana jan majina, tana cewa a'a ba haka ba ne, ta sake kamowa daga farko. Ta bangon ana jin keken Tela, wata mota kuma tana ta hon a titi.

Baba Kunne ya miƙa hannu a hankali ya sa sabon kaset, ya danna jan maɓallin. Bai ce gwaji ba, bai kuma tashi ya rufe ƙofa ba.